Shirwa da rana, tunku da dare: tsaron kajin sake a ƙasar Adar

A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar da wuya ka shiga gida, a cikin garin Tawa ne ko a ƙauyukan da ke kewaye da shi, ba ka tarar da kaji suna tono a gindin rumbu ko a bayan madafa ba. Kajin Hausa ne na sake, waɗanda suke fita da safe su nemi tsaba da gara da fara, su dawo da kansu idan rana ta yi ja. Galibinsu na mata ne da yara, kuma su ake fara taɓawa idan likita ya rubuta wa yaro magani, ko baƙo ya sauka ba zato, ko kuɗin littafin makaranta ya taso, sai a kama zakara guda a kai kasuwar Lahadi a dawo da abin biyan buƙata. Saboda haka nake ganin ɓarnar da namun daji da tsuntsaye suke yi wa waɗannan kaji ta cancanci a zauna a yi mata tunani a tsanake, domin dukiyar da ake wawushewa ta masu ƙaramin ƙarfi ce.

Kazar Hausa takan yi kwanci sau 3 ko 4 a shekara, kowane karo a kan ƙwai 10 zuwa 15, kuma takan yi kwana 21 a kansu kafin ta ƙyanƙyashe. A wajen ƙyanƙyasa ba ta da abin zargi, domin uwa ce mai haƙuri da naci. Inda lissafin yake rushewa shi ne bayan ta fito da ƴaƴanta tsakar gida, don duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda uwar da ta fito da ƴan tsaki goma take komawa da uku ko huɗu a bayanta kafin wata biyu ya cika. Idan aka yi maganar, sai wani ya kawo karin maganar nan cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Maganar gaskiya ce, ba na jayayya da ita, amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin da na fahimta daga kiwon da nake yi da wanda na gani a gidajen dangi shi ne, mafi yawan asarar a lokuta biyu sanannu take aukuwa, wato makonni shida na farkon rayuwar ɗan tsako, da kuma tsakanin magariba da fitowar rana. Wanda ya tsare waɗannan lokuta biyu zai iya barin kajinsa su yi yawonsu a sauran lokacin, ba tare da ya kashe ko da dabba ɗaya ta daji ba.

Shirwa ce babbar ɓarauniyar rana, kuma ba ta da lokacin hutu a wurinmu, domin iri biyu ne suke yin karɓa-karɓa. Mai rawayan baki ƴar Afirka ce, tana bin damina, tana hauro wa arewa idan ruwa ya sauka. Ɗaya kuwa a Turai take hayayyafa, sai ta tsallako ta mashigin Jibralta da ke tsakanin Sifaniya da Maroko wajen watan Agusta ta zo ta yi rani a ƙasashen Sahel, ba ta juyawa sai wajen Fabrairu ko Maris. Duk girman fukafukanta nauyinta bai cika kai kilo ɗaya ba, kuma faratanta ba su da ƙarfin na gaggafa, don haka babbar kaza ta fi ƙarfinta, ɗan tsako ne abin da take iya sura. Tana son mahauta da kasuwa da juji, duk inda ake zubar da hanji da ragowar nama, kuma gidan da ya saba watsar da kayan cikin kaza a bayan danga shi da kansa yake koya mata hanya. Shaho dabararsa daban ce, domin wani yakan laɓe a cikin ganyen dogon yaro ya jira, wani kuma ya faɗo daga sama da gudun da ido ba ya iya bi, kuma yana iya kashe budurwar kazar da shirwa ba za ta taɓa ba. Hankaka shi ma yana cikinsu, ya fi ɗaukar ƙwai da tsakon da bai yi ƙwari ba, kuma na sha ganin biyu sun zo tare, ɗaya yana tsokanar uwar ta bi shi, ɗaya yana ɗauka ta baya.

Na taɓa ganin surar shirwa dab da ni a gidan gwaggona, a wani ƙauye da ke kan hanyar Keita, da hantsi muna zaune a inuwar rumbu tana sussukar gero. Inuwa ce ta fara giftawa a ƙasa, sai uwar kajin ta ja wani kuka siriri mai tsawo, kafin in ɗaga kai ƴan tsakin sun shige ƙarƙashin rumbu tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, sun yi tsit kamar babu su. Ɗaya ne kawai ya yi nisa, yana can wajen turmi yana tsintar tsaba a fili, kuma shi shirwar ta zaɓa, ta sure shi ba tare da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba, ludayin da Gwaggo ta jefa ya faɗi bayan ta riga ta wuce danga. Da ta koma ta zauna sai ta ce mini, “Ɗana, ka gani ko? Wanda ke kusa da maɓoya shi ka tsira, fili shi ka kashe ɗiyan kaji.” Tun daga ranar nake duban tsakar gida da wani ido. Muna alfahari da gida sharare wanda babu ko tsinke a ƙasa, kuma tsabta abar so ce, amma ɗan tsako yana buƙatar wurin da zai shige cikin taku kaɗan daga duk inda yake. Ƴar gajeruwar rumfa ta kara wadda ba ta wuce gwiwa ba, ko rassan magarya masu ƙaya da aka jingina a kusurwa, ko amalanke da aka ajiye a inuwa, duk suna yin wannan aiki, muddin an bar ƙarƙashinsu a share yadda ido zai ga abin da ke ciki, don kada maɓoyar tsako da rana ta zama maɓoyar maciji da dare.

Maɓoya tana rage asara, amma abin da yake kusan kawar da ita a makonnin farko shi ne kifa kwando. Ana samun babban kwando mai faɗin baki, wanda faɗinsa zai kai mita ɗaya ko fiye, saƙar geza ko ta wani itace mai lanƙwasuwa, a kife uwar da ƴaƴanta a ciki tun ranar da ta sauka daga kwanci. A mako biyu na farko gara su zauna tare, domin ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai da uwa, musamman a hunturu. Daga nan ana iya sakin uwar ta yi kiwo a kusa ƴaƴan suna ciki, ko a sake su duka da la'asar lokacin da akwai mai zama a tsakar gida, har su kai mako shida, gashinsu ya fito, gudunsu ya yi kyau, su fi ƙarfin shirwa. A ɗora dutse a kan kwandon saboda kare da iska, a riƙa gusar da shi kullum zuwa sabon wuri don kada su zauna cikin kashinsu. Inuwa kuwa wajibi ce, domin a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa yake haura digiri 40, kwandon da rana ta cim masa yana iya kashe ƴan tsaki duka a wuni guda, abin da shirwa ba za ta yi ba a mako.

Mata da yawa da na yi wa wannan magana sun ba ni amsa iri ɗaya, kuma amsar tana da nauyi: idan an kife su, wa zai ciyar da su, alhali geron gidan ma ana aunawa ne? Gaskiya ne tsakon da aka tsare dole a kai masa abinci, sai dai abin da yake ci a waɗannan makonni bai taka kara ya karya ba. Dusa da ɗan ɓarzajjen gero ko dawa, da ganyen zogale da aka yanka ƙanana, da gara, sun wadatar. Garar ma ba sai an fasa shuri ba, domin akwai tsohuwar dabarar da ake cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da gutsattsarin kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a inda gara take fitowa, da safe a ɗaga a tarar ta cika. Ruwan sha a zuba shi a faranti marar zurfi, a jera ƙananan duwatsu a ciki don kada tsako ya faɗa ya jiƙe. Idan aka kwatanta mudun dusar da za a kashe da kuɗin kaji biyar ko shida da za su tsira su kai kasuwa, lissafin bai buƙaci alƙalami ba. Akwai masu shafa wa ƴan tsaki galura ja ko shuɗiya, suna cewa shirwa ba ta gane su, akwai kuma masu rataye tsofaffin faya-fayan CD su riƙa walƙiya a rana. Ban hana kowa gwadawa ba tun da ba su da tsada, amma ni ba zan saki tsako a fili don na rina shi ba.

Babban zakara ma mai gadi ne, kuma masu binciken halayyar kaji sun tabbatar da abin da tsofaffinmu suka daɗe da sani, cewa kukansa na gargaɗi iri biyu ne, ɗaya na abin da ke sama wanda yake sa kaji su duƙa su nemi maɓoya, ɗaya na abin da ke tafe a ƙasa wanda yake sa su miƙe wuya su dudduba. Wanda ya kwashe manyan zakarunsa duka ya sayar gab da salla ya bar garken babu mai tsaro, alhali guda ɗaya ya ishi kaji kamar goma. Zabi sun fi shi hayaniya, babu baƙon abin da zai shigo gida su yi shiru.

Dare shi ne ya fi damuna, domin a nan ake rasa manyan kaji masu ƙwai, waɗanda asarar guda ɗaya take daidai da asarar duk abin da za ta ƙyanƙyashe a shekara. Kaza ba ta gani sosai a duhu, idan ta kwanta ko hannu ka sa za ka ɗauke ta ba gardama, kuma a wannan lokacin ne tunku da inyawara da muzurun daji suke shigowa, a ƙauyukan da ke gefen fako da koramu kuma har da dila. Akurkinmu na gargajiya, ɗan ginin laka mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da dutse ko fasasshiyar tukunya, yana da rauni biyu. Na farko, toshiyar ba ta taɓa rufewa ruf, kuma inyawara duk ramin da kanta ya shiga jikinta zai bi. Na biyu shi ne wanda ba a cika lura da shi ba: akurkin da ba shi da iska, wanda ba a sharewa, yakan tara ƙuma da ƙwarƙwata da wata kaska mai ɓuya a tsagar bango da rana ta fito da dare ta sha jini. Kazar da ta sha wannan azaba, ga zafi, sai ta ƙaurace wa akurkin ta koma kwana a kan katanga ko reshen itace, mai ita ya ce ta cika taurin kai, alhali gudun cizo take yi, kuma a can kan reshen ne muzuru yake samun ta. Don haka gyaran akurki daga ciki yake farawa, a share shi a kai a kai, a barbaɗa toka a ƙasa da wurin kwanci, a yaɓe duk wata tsaga, a shafa farar ƙasa idan da hali.

Ginin da zai hana shiga bai fi ƙarfin talaka ba, musamman a nan Adar da Allah ya hore mana dutse. A shimfiɗa duwatsu a ƙasa a daɓe, ko a zuba siminti idan an samu, don kada gafiya ta ɓullo ta ƙarƙashi, sannan a binne dutse a gindin bango ta waje zurfin kamar santimita 30 saboda dila da kare masu tono. Ƙofar ta zama ta katako ko ta kwano mai sakata, wadda take zama daram a bakinta. A buɗe tagogi biyu a sama suna duban juna don iska ta ratsa, a rufe su da ragar waya, kuma a nan ake yawan yin kuskuren saye, domin raga mai manyan idanu da ake kewaye lambu da ita akuya take tarewa, ba ta tare maciji ko ɓera. Wadda ake buƙata ita ce mai ƙananan idanu, kamar santimita ɗaya, wadda babban yatsa ba ya shiga, kuma tun da tagogin ƙanana ne, guntu kaɗan ya isa. Tsohon gidan sauro da ya gama aikinsa yana iya tare shirwa idan an rufa shi a kan wurin ƴan tsaki da rana, amma ba ya tsayawa gaban haƙori. A gitta sanduna a ciki su hau su kwana, domin kaza a bisa take son kwana, idan ta samu a ciki ba za ta nema a waje ba.

Kafin a ɗauki mataki yana da kyau a san wanda ya yi ɓarnar, kuma kowannensu yana barin alamarsa. Tsakon da ya ɓace da rana tsaka ba gashi ba jini, aikin shirwa ne. Idan aka buɗe akurki aka tarar da kaji da yawa a mace, an cije su a wuya ko an cinye kai an bar gangar jiki, to ƙaramin mafarauci ne irin tunku ko inyawara, kuma akwai ramin da ya bi, a neme shi a ranar, don zai dawo. Dila da kare sukan ɗauke kazar ɗungurungum su bar gashi a warwatse a hanyar da suka bi. Ƙwan da aka fasa aka shanye aka bar ɓawo ya fi kama da aikin hankaka ko ɓera, wanda ya ɓace gaba ɗaya babu ɓawo kuwa maciji ne ko damo ya haɗiye. Kazar da aka tarar a mace a kan ƙwanta, babu rauni sai kumburi, a yi zaton sara, kuma kada a ci namanta.

Maganar maciji ta wuce ta kaji, domin rai ne na mutum a ciki. Abu biyu suke kawo shi akurki, ƙwai da ɓera, ɓeran kuma ragowar dusa da aka bari ta kwana ce take kawo shi, don haka kwashe ƙwai kullum da ɗauke abinci kafin dare sun fi kowane turare da ake cewa yana korar maciji. Kada a tura yaro ɗauko ƙwai a duhu, babba ma kada ya zura hannu inda bai haska da tocila ba. A dangin gamsheƙa da kumurci akwai mai tsartar da dafi yana nufin ido daga nisan mita biyu, kuma wanda abin ya sama ya wanke idon nan take da ruwa mai yawa, ya daɗe yana wankewa, sannan a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ba kowace mutuwa ce ta daji ba. Idan hunturu ya shigo kaji suka fara gyangyaɗi, suna koren zawo, wuyan wasu yana murɗewa, suna faɗuwa da yawa cikin kwanaki kaɗan, wannan cutar Niyukasul ce, kuma tana da rigakafi mai araha a wurin ma'aikatan kiwo. Na kawo ta nan ne saboda abin da muke yi da mushen: a jefar a juji, kare da dila da shirwa su zo su ci, su ja cutar zuwa wasu gidaje, su kuma saba da ɗanɗanon kaza da hanyar unguwa. Mushen kaza rami mai zurfi ake haƙa masa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai karanta wannan ya bari, ya kuma hana, wato sa maganin ƙwarin gona a cikin mushen kaza a ajiye a bayan gari don a kashe dila ko muzuru. Na san zafin da ke kai mutum ga haka, don na ga fuskar matar da ta wayi gari ta tarar da akurkinta babu mai motsi. Amma guba ba ta zaɓe, tana kashe karen maƙwabci da kyanwar gida, tana iya kaiwa ga yaro, kuma wadda ta fi kashewa ita ce ungulu, wadda mushe ne abincinta, ba ruwanta da tsako mai rai. Ungulun nan ta gari da muka taso muna gani cike da mahauta ta ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma, har a shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta sa ta cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa, kuma guba tana cikin manyan dalilan. Ƙasarmu Nijar tana da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji ne ya kamata a kai wa kuka idan wata dabba ta addabi gari. Ban da haka, waɗannan da muke kira ɓarayi suna yi mana aikin da ba mu biya ba, domin shirwa tana cin fara da ɓera, tunku yana kashe maciji, mujiyar da ake jifa saboda camfi kuwa ɓera ne babban abincinta. Idan ma an kashe tunku guda, wani zai gaje wurinsa kafin a jima, tun da ramin da na farko ya bi yana nan a buɗe.

Akurki mai kyau ba ya rufe kansa, kuma a gidan da kowa yake zaton wani ya rufe, nan ne ake kwana ƙofa a buɗe. A gidanmu an ɗora aikin a kan mutum ɗaya sananne, an kuma haɗa shi da kiran sallar magariba don kada a manta: a watsa ɗan tsaba a cikin akurkin, kajin su bi su shiga, a ƙirga su, a sa sakata. Cikin ƴan kwanaki sukan saba har su riƙa jira a bakin ƙofa. Da safe kuma ba a buɗewa sai gari ya waye sosai, domin da asuba dila da muzuru ba su gama yawo ba. Babban gyara kuwa, na yaɓe da ƙofa da raga, a watan Mayu ya kamata a yi shi kafin ruwan farko, saboda da zarar damina ta kankama ciyawa da gero sukan taso har gindin danga su ba kowane mafarauci hanyar zuwa ba a gan shi ba, kuma a lokacin ne ya kamata a nome taku uku ko huɗu kewaye da akurkin a bar shi fili har kaka.